Kududdufin Bayan Teburin Iya

A duk aikin gyaran titi akwai mutumin da ake bari a baya. Masu kwalta sun tafi, masu zana farin layi sun tafi, an kwashe gangunan mai da allunan da ke cewa a rage gudu. Shi kaɗai zai rage da katafilarsa da ramukan da aka haƙa a gefen hanya aka ɗebi jar ƙasa don ciko. Aikinsa shi ne ya mayar da ƙasa inda aka cire ta, ya daddale, ya bar wurin yadda akuya da yaro za su bi ta kai lafiya. Abokan aiki suna kiransa Na-Baya, kuma sunan ya bi shi har gida.

Gajere ne kakkaura, furfura ta cinye masa gemu. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar inji, shi ya sa idan ana masa magana yakan karkato da kai gefe ɗaya kamar kaza ta ga shaho. Na same shi a gidansa mai ɗaki biyu, takalmansa na aiki a bakin ƙofa jajaye da ƙasa, matarsa tana taka keken ɗinki a baranda.

"Mazan mutane suna gina gidaje, nawa rufe rami yake," in ji ta, ba ta ɗago daga ɗinkin ba. "Ranar da ya mutu sai an sa masa ido, don yana iya tashi ya ce ba a daddale ƙasar da kyau ba."

"Ki bari sai na mutu tukuna," ya ce. "Kawo wa baƙo ruwa."

Yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: ba ya rufe ramin da bai taka ƙasansa da ƙafarsa ba. Wannan ba camfi ba ne. Idan aka tura ƙasa a kan ruwa, saman yakan bushe ya yi tauri, ciyawa ta fito, amma can ƙasa taɓo yana nan da ransa. Ya ga haka da idonsa tun yana koyon tuƙi. Wani fili ne da aka cike a kan ruwa, ya yi kore shar, har mutane sun fara yanke hanya ta ciki. Da rana tsaka wani bijimi ya taka tsakiyarsa, ƙasa ta buɗe a hankali ta fara haɗiye shi. Mai shi ya riƙe igiya har ta sale masa tafin hannu.

"Abin da ban manta ba shi ne bijimin bai yi kuka ba," in ji Na-Baya. "Kallonmu kawai yake yi. Da ya gama nutsewa wurin ya koma ya haɗe, sai igiyar ce a waje."

Aikin da ya sa na neme shi an yi shi ne a wata unguwa ta bayan gari, inda babban titi ya ratsa tsakanin gidaje da gonaki. Shekaru da dama da suka wuce an taɓa gyara titin, masu aikin suka haƙa wani ƙaton rami dab da hanya, suka ɗebi abin da suke so, suka kama gabansu. Damina ta cika shi ya zama kududdufi mai zurfi, gefunansa a tsaye kamar na rijiya. Ruwansa kore ne, ba ya ƙafewa ko da rani. Da aka dawo sabon gyara, dokar aikin ta canza: ba za a karɓi titi daga hannun ɗan kwangila ba sai an rufe duk wani rami, sabo da tsoho, kuma sai an zauna da mutanen wurin an ji ta bakinsu.

Wadda ta kira zaman ita ce jami'ar da ke kula da abin da aikin zai taɓa na ƙasa da na jama'a. Leburori suna ce mata Malamar Muhalli. A wani ajin firamare aka taru, manyan mutane sun matse a bencin yara, gwiwoyinsu suna taɓa teburi. Iyaye mata suka ce a rufe, sauro ya ishe su, kuma ba sa iya sakin yara su fita wasa. Masu buga bulo suka ce da ruwan suke sana'a, Malama ta ce za a haƙa musu rijiyar burtsatse kafin a taɓa kududdufin, suka yarda. Komai yana tafiya daidai, har ta ce za a fara zuƙe ruwan kaf, a ga ƙasan ramin, sannan a cike.

Na-Baya ya ce yana zaune a baya, ya ga mutane suna sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce a'a, babu kuma wanda ya ce to.

Da aka watse, wani dattijo ya bi shi har gindin katafila. Tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, shi ake sawa a gaba idan unguwar tana da magana.

"Ɗan'uwa, kai ne mai turin ƙasar?"

"Ni ne, Baba."

"To ka tura kawai. Ka bar ruwan a inda yake."

Ya nuna masa da haɓa. A bakin titi, tsakanin kwalta da kududdufin, akwai wata tsohuwa zaune a kan kujera 'yar tsugunno, gabanta teburin lemo da ayaba. Fuskarta tana kallon titi, bayanta yana ga ruwan. Kowa Iya yake ce mata.

Dattijon ya ba shi labarin a taƙaice. Iya tana da ɗa guda da ya rage mata, Auta, magidanci mai facin taya. Shi ke ɗauko mata kaya daga kasuwa a kekensa. Daminar farko bayan an haƙa ramin, wata rana da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ya shafe gefen titi, ba a bambance hanya da rami. Auta ya taso daga kasuwa, bai iso ba. An nema, an zura gora, masu ninƙaya sun shiga sun fito suna cewa ƙasan ya yi zurfi kuma duhu ne. Ba a ga komai ba, ko takalmi.

"A ranar ta faɗi ba ta san inda kanta yake ba," in ji dattijon. "Sai wani cikinmu ya ce mata ai an ga Auta ya hau motar kaya, ya tafi neman kuɗi. Ta tashi zaune ta sha ruwa. To daga nan fa ba mu iya janye maganar ba."

Tun daga lokacin unguwar take riƙe da wannan zance. Direba zai tsaya sayen lemo ya ce ya hango mai kama da Auta a wata tasha. Wani ya ce an ce ya yi ƙiba. Shi kansa dattijon ya sha kawo mata gaisuwa daga bakin wanda ya ji daga bakin wani. Yaran da aka haifa bayan abin ma sun taso sun san Auta yana tafiya.

"Ita da wannan take tashi kullum. In ka zuƙe ruwan nan, ita ka zuƙe. Kwana nawa ya rage mata a duniya? Ka rufa mana asiri, ka rufe nata."

Na-Baya ya je teburin Iya ya sayi lemo. Ƙaramar tsohuwa ce, hannunta yana rawa sai idan ta riƙe wuƙa. Ta fere lemon ɓawon bai tsinke ba, ta miƙa masa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ku da kuke yawon tituna, ko ka taɓa cin karo da Autana? Dogo ne, yana da wushirya."

Akwai mutum biyu a tsaye a wurin, duk suka zuba masa ido.

"Ban gan shi ba, Iya."

"To," ta ce. "Kai ne na farko da bai gan shi ba."

Washegari ya kai maganar ga Malamar Muhalli a ofishinta, wani ɗakin kwano mai fanka ɗaya. Ta riga ta ji, matan unguwa sun same ta a ɓoye. Ta daɗe tana juya biro a hannu.

"Baba Na-Baya, in na ce ka tura a kan ruwa, za ka tura?"

"Sai dai ki nemo wani direban, Malama."

"Ni ma ba zan ce ba. Filin nan yara ne za su buga ƙwallo a kansa. Ba zan ceci zuciyar tsohuwa da ran jikan wata ba." Ta ajiye biron. "Amma ba za a yi abin a idonta ba."

Ta sa aka kafa shingen kwano tsakanin teburin Iya da kududdufin. Ta sanar da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya abin da ake zato. Ta je da kanta ta durƙusa gaban tsohuwar, ta ce injin zai dame ta da ƙara, an samar mata rumfa mai inuwa a gaban makaranta har a gama.

"'Yata, in na tashi daga nan ya dawo, a ina zai same ni?" in ji Iya. Ba ta tashi ba.

Aka kawo injin zuƙar ruwa da mai kula da shi, wani siriri mai surutu da ake kira Mai Inji, sa'an Na-Baya ne kuma abokin tsokanarsa. Aka shimfiɗa mesa har zuwa magudanar ruwa, aka jera buhunan yashi da duwatsu don ruwan ya tace kafin ya gangara, kada ya kwashe wa mutane shuka. Injin ya tashi.

Ruwan ya riƙa sauka a hankali, kullum yana barin zobe baƙi a jikin bangon ramin. Da safe sai a tarar ya ɗan dawo, kamar wani ya ƙara a bayan idonsu. Malama ta ce idon ruwa ne masu haƙan farko suka taɓo. Mai Inji ya ce shi dai bai taɓa ganin kududdufin da babu kwaɗo ko ɗaya ba, kuma tun da suka zo bai ga tsuntsu ya sauka ya sha ba. Na-Baya ya lura da haka shi ma, bai dai faɗa ba.

Mutanen unguwar suka daina bi ta wurin. Masu zuwa gona suna zagayawa ta nesa. Babu wanda ya zo kallo, alhali aikin inji ko na minti biyar ne yakan tara jama'a. Mai shayin da ke kawo musu karin kumallo ya ce ƙafarsa tana ciwo. Tsohon direban yakan wuce ta ɗaya gefen titin, ba ya gaishe su.

Abubuwa suka fara fitowa: tayoyi, bokitai marasa gindi, ƙasusuwan dabbobi, wata ƙofar katako da sakatarta a rufe. Wari ya tashi, irin na tsohuwar randa da aka daɗe ba a buɗe ba.

Wata rana da azahar, rana ta take, babu mota ko ɗaya a titi, Mai Inji ya kashe injin don ya zuba mai. Na-Baya yana tsaye a bakin ramin. Sai ya ji ƙararrawar keke, sau biyu, a hankali, kamar ta mai neman a ba shi hanya. Ya juya ya dubi titi, babu kowa har iyakar ganinsa.

"Ka ji?" ya tambayi Mai Inji.

"Na ji me? Kai da ko tsawa aka yi sai an taɓa ka an gaya maka?"

Na tambayi Na-Baya ko ƙarfen injin ne yake hucewa. Ya ce zai iya yiwuwa, ƙarfe mai zafi yana irin wannan. Sannan ya taɓa kunnensa na hagu.

"Da wannan na ji," ya ce.

Ruwan ya kai gwiwa, sannan ya kai idon sawu, ya rage sai taɓo mai sheƙi. A kusurwar da ta fi kusa da titi, inda bangon ya fi miƙewa, wani abu shuɗi ya leƙo. Kwandon roba ne irin wanda ake zuba lemo. Roba ba ta ruɓa, launinsa yana nan kamar jiya aka saya. An ɗaure shi da igiyar tsohon tib ɗin taya a bayan keke, keken kuwa yana tsaye a cikin taɓon, bai faɗi ba, ƙahonsa yana fuskantar unguwa.

Mai Inji ya miƙa hannu ya kashe injin ba tare da an ce masa ba.

Na-Baya ya sa dogayen takalmansa, aka shimfiɗa katakai, ya sauka. Ya ce sanyin ƙasan ramin ya ratsa roba ya kama masa ƙashi, ga rana a tsakiyar ka. Bai taɓa komai ba sai abu guda. Ya sa babban yatsa ya danna ƙararrawar keken. Tsatsa ta cinye ta, ko motsi ba ta yi ba. A gefen keken, rabi a cikin taɓo, ya ga abin da ya rage na mai shi.

Yana hawowa sai muryar Iya ta zo daga bayan shingen kwano. Ba ta ɗaga ta ba, shirun wurin ne ya kawo ta.

"Wa ya ce ku kashe?"

Mai Inji ya dubi Na-Baya.

"Ɗan nan, kai da ba ka gan shi ba. Zo nan."

Ya zagaya shingen da taɓo har gwiwa. Tana zaune yadda take kullum, fuskarta ga titi, wuƙa a hannu, lemo rabin fira. Tsohon direban ya tsallako titi da sauri, yana girgiza wa Na-Baya kai daga bayanta.

"Ka ga ƙasan?" ta ce.

"Na gani, Iya."

"Kwandon shuɗi ne?"

"Shuɗi ne."

Ta ci gaba da firar lemon har ta gama, ɓawon ya sauka a cinyarta bai tsinke ba. Ta ajiye wuƙar.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji tsohon direban. "Mu dai don..."

"Direba, zauna ka huta." Ta nuna masa bencin da ke gefen teburin. "Kun ce ya hau mota, na ce to. Kun ce ya yi ƙiba, na ce Allah ya ƙara. Amma ni kunnena ƙalau yake. Shekarun nan duk da azahar yake kaɗa min ƙararrawa, kuma ban taɓa jin ta daga titi ba. Daga bayana take zuwa. Tsoron juyawa nake yi."

Ta dafa teburin ta miƙe. Ta ce a buɗe mata kwano ɗaya. Malamar Muhalli, wadda ta iso a lokacin, ta dubi Na-Baya, shi kuma ya sa hannu ya ɓalle ƙusoshin. Iya ta tsaya a bakin ramin ta daɗe tana kallo, Malama tana riƙe da gwiwar hannunta.

"Ashe ya kusa isowa," ta ce.

Ma'aikatan lafiya da 'yan sanda suka yi nasu aikin. Aka yi wa Auta sutura, unguwar kaf ta raka shi, har yaran da suka taso suna jin cewa tafiya ya yi. Iya ta karɓi kwandon ta wanke da kanta.

Sai da aka bar ramin ya sha rana, aka toshe idon ruwan da duwatsu da tsakuwa, sannan Na-Baya ya hau katafila. Bai tura ƙasar gaba ɗaya ba. Yakan shimfiɗa kaɗan, rola ta bi ta danne, ya sauko ya taka da ƙafa, ya sake shimfiɗa wata. A ƙarshe aka zuba baƙar ƙasa a sama, aka dasa itatuwa. Iya ba ta kwanta ciwo ba kamar yadda aka ji tsoro. Ta yi kwanaki a ɗaki, sannan ta fito. Tsohon direban har yau ba ya sakin fuska idan an ambaci Na-Baya, ko da yake ranar da za a ɗora katafilar a babbar mota ya zo ya tsaya yana yi wa mai tuƙa ta nuni da hannu har ta hau daidai.

Na je wurin da kaina bayan damina. An cire shingen. Filin ya kwanta lafiya, na taka shi daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasa mai tauri ce. Yara sun kafa duwatsu sun yi raga. Teburin Iya yana nan a inda yake, lemon yana cikin kwando shuɗi, sai dai ta juya kujerarta. Yanzu titi ne a bayanta. Direbobi suna mita cewa sai sun fito daga mota sun zagayo kafin su sayi lemo.

Na tambaye ta ko har yanzu tana jin ƙararrawar. Ta ce a'a, tun ranar da aka fito da shi. Ta ce da azahar wurin yakan yi mata shiru da yawa.

Da na gaya wa Na-Baya haka, ya karkato da kunnensa mai ji, ya sa na maimaita. Matarsa ta tsayar da keken ɗinkin. Ya gyaɗa kai, ya jawo takalmansa ya fara kankare jar ƙasar da tsinke. Washegari zai tafi wani aikin, an ce akwai ramuka uku, ɗaya da ruwa a ciki.